Ramen da gyoza a Yamai: tambayoyin da ake yi kafin a shiga, da amsoshinsu

Tun da aka buɗe sabon gidan ramen da gyoza (ɗan ƙunshin nama a fallen kwaɓin alkama) a wajen Plateau, tambayoyi iri ɗaya ke yawo a fada, a ofis da wajen biki. Wasu sun je sun dawo suna santi, wasu sun leƙa ta gilashi sun juya, wasu kuwa ko hanyar ba su bi ba, don an ce musu abincin mutanen Asiya ba ya rabuwa da alade. Na tattara tambayoyin da aka fi maimaitawa. Amsoshin sun shafi wannan gida da duk wani mai irin tsarinsa, tun da girkin yana da ƙa'idarsa ko a ina aka ɗora tukunya.

Mece ce ramen? Ba Indomie ba ce aka sa wa tsada?

Dangi ne, amma na nesa. Ramen taliyar alkama ce a cikin romo mai zafi, da yankan nama, ƙwai da ganye a sama. Asalin taliyar daga ƙasar Sin ne. Ƴan ci-ranin Sin suka kai ta biranen bakin teku na Japan irin su Yokohama a ƙarshen ƙarni na 19, kuma shagon da aka fi ambata a matsayin na farko, Rairaiken, an buɗe shi a unguwar Asakusa ta Tokyo a 1910. Bayan yaƙin duniya na biyu shinkafa ta yi ƙaranci a Japan, Amurka ta shigo da garin alkama mai yawa, sai ramen ta zama abincin lebura da ɗan makaranta, wanda ake ci a gefen titi a koma bakin aiki.

Taliyar leda daga baya ta zo. A 1958 Momofuku Ando, wanda ya kafa kamfanin Nissin, ya gano cewa idan aka soya dafaffiyar taliya a mai ruwan jikinta zai fita, ta daɗe ba ta lalace ba, ruwan zafi kuma ya dawo da ita cikin mintuna. Indomie da muke ci wajen mai shayi ta Indonesiya ce, ana kuma yin ta a Najeriya tun shekarun 1990, kuma daga waccan dabara ta fito. Ke nan ita ce ta kwaikwayi ramen. A gidan ramen kuɗinku na romo ne, wanda aka dafa daga ƙashi na sa'o'i. Ita kuwa ta leda, ɗan garin da ke cikin ƙaramar ledar nan shi ne ke tsaye a madadinsa.

To, a faɗi gaskiya, akwai alade ko babu?

A Japan akwai, kuma da yawa. Wannan ba jita-jita ba ce. Romon da ya fi suna a duniya, tonkotsu na yankin Fukuoka, ƙashin alade ne zalla da ake tafasawa har ya koma fari. Yankan naman da ake ɗorawa a sama, chashu, shi ma a can na alade ne, haka cikin gyoza. A Yamai gidan da yake son ciniki ba zai yi haka ba, da kaza da naman shanu yake aiki. Amma idan kuka ga kalmar tonkotsu a allon abinci, kada ku wuce ta. Wani lokaci an ari sunan ne kawai don romon ya yi fari, wani lokaci kuma ledar garin romo ce aka yo oda daga waje, ita kuwa dole a duba abin da aka rubuta a bayanta.

Inda mutane ke kuskure shi ne su tsaya a tambaya ɗaya: "Akwai alade?" Yaron da ke kes zai ce babu, kuma da gaskiyarsa, don bai ga nama ba. Kwanon ramen haɗi ne na abubuwa daban-daban, kowanne da tambayarsa. Romon daga wane ƙashi? Man da ke yawo a samansa kitsen me ne, tun da a can sau da yawa da kitsen alade ake yi, a nan kuwa ya kamata ya zama na kaza ko man riɗi? Sannan akwai ruwan ɗanɗano da ake zubawa a gindin kwano kafin romo, wanda suke kira tare. A girkin Japan ana sa masa mirin da sake, dukansu giyar shinkafa ce, kuma mirin na asali yana da barasa wajen kashi 14 cikin 100. A cikin irin wannan ruwa ake jiƙa ƙwai, a ciki ake dafa naman. Girkin Sin kuma yana da tasa giyar, ta Shaoxing, da ake ɗigawa a cikin naman ƙunshi. Gidan da ya san abin da yake yi yana musanya su da sukari da binegar ko da kwalaben da ke ɗauke da tambarin halal.

Saboda haka a tambaya a natse, kuma a tambayi wanda ke kan tukunya: "Malam, don Allah, wane ƙashi kuke dafawa? Kuna sa mirin a ruwan ƙwan? Kajin nan yankan gari ne ko na kwali?" Wanda ba ya ɓoye komai zai ɗauko kwalbar ya nuna muku. Ni a wurina yadda aka karɓi tambayar ya kai rabin amsa.

Saura ruwan waken soya mai gishiri, shoyu. Shi ana barin wake da alkama su ruɓa na watanni, kuma a cikin haka ɗan barasa kaɗan yana samuwa da kansa, wanda ba ya bugarwa. Malamai sun yi magana a kansa, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya kai wa malaminsa. Jatan lande, kaguwa da sauran halittun ruwa kuwa a mazhabar Malikiyya babu matsala a kansu.

Na shiga na zauna, babu wanda ya zo kaina. Raini ne?

Ba raini ba ne, tsarin gidan ke nan. Kuna shiga ku nufi kes, ku dubi allo, ku faɗi abin da kuke so, ku biya, a ba ku tike mai lamba, sannan ku nemi wurin zama. In ya nuna a kira lambar ko a kawo muku. A Japan ma shagunan ramen da yawa kafin a ci ake biya, a wata na'ura da ke bakin ƙofa. Idan kun zo da babba, ku zaunar da shi ku je ku yi layin a madadinsa. Ba a tsayar da Alhaji da tire a hannu.

Shio, shoyu, miso, paitan: wanne zan fara da shi?

Uku na farko suna faɗin abin da aka ɗanɗana romon da shi ne. Shio gishiri ne, romonsa garai-garai, mara nauyi. Shoyu ruwan soya ne, launinsa kamar shayi ba madara, kuma shi ne tsohon salon Tokyo. Miso kwaɓin waken soya ne da aka bari ya ruɓa da gishiri, ya yi suna a Sapporo, can arewa inda ƙanƙara ke sauka. Aikin da daddawa ke yi a miyar kuka shi miso ke yi a romo, har da ɗan warin da baƙo ke yamutsa fuska a kansa kafin ya saba.

Paitan kuwa yadda aka dafa romon yake nufi. An buɗe wa ƙashin kaza wuta yana tafasa da ƙarfi har ɓargo, kitse da guringuntsi suka narke suka gauraya da ruwan, ya yi fari ya yi kauri, yana ɗan manne leɓe.

Mai zuwan farko ya ɗauki shoyu na kaza. Shi ne ba ya ɓoye aibi, in romon gidan ruwa ne a nan za a gane. Wanda ya saba da farfesun ƙafar sa kuma ba ya son abu tsararo ya tafi kan paitan kai tsaye.

Me ya sa taliyar take rawaya, kuma tana da tauri? Ba ta nuna ba ne?

Ta nuna, haka ake son ta. Ana kwaɓa ta da garin alkama, gishiri da wani ruwa mai suna kansui, wanda sinadarinsa ɗan gidan su kanwa ne, irin wadda ake haƙowa a Dallol Bosso. Shi ne ke sa alkamar ta rine ta koma rawaya ko ba a sa ƙwai ba, shi ke ba ta danƙon da haƙori ke ji, kuma shi ke hana ta saurin narkewa a romo mai zafi. Da za a jefa taliyar kanti ta gama-gari a ciki, ba za ta ba da wannan ƙamshi da danƙo ba. Wanda yake son tasa ta yi laushi ya faɗa tun a kes, ƙarin minti ɗaya ne a ruwa.

An ce romon yana shan sa'o'i a wuta. Ta yaya kwano ke fitowa cikin minti biyar?

Aikin an gama shi tun kafin a buɗe ƙofa. Ku zauna a kujerun da ke kallon madafa ku gani. Babbar tukunya tana can baya tana huci tun safe. Mai girki zai ɗumama kwano da ruwan zafi ya zubar, ya ɗebi ƙaramin ludayi na tare ya zuba a gindi, ya bi shi da cokalin mai. Taliyar tana cikin wani dogon kwandon waya da aka rataya a tafasasshen ruwa, agogo na ƙirga mata, tun da siririya ba ta wuce minti ɗaya, mai kauri kuma uku zuwa huɗu. Agogo na ƙara sai ya kwarara romo a kwanon, ya fizgo kwandon ya girgiza shi da ƙarfi sau biyu ko uku ruwan ya tsiyaye, ya juye, ya ɗaga taliyar da tsinke ya shimfiɗa ta kamar ana taje ta. Nama, rabin ƙwai, lawashin albasa, shi ke nan.

Abin da wannan ke nufi gare ku shi ne taliyar tana ci gaba da nuna a gabanku. Bayan minti goma ta sha romo ta kumbura. Wanda ya tsaya ɗaukar hoto ta kowace kusurwa, ya amsa waya, ya jira a kawo na abokinsa, shi ne zai fito yana cewa abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. A nan ladabin jiran kowa ya samu nasa ba ya aiki. Ku ce "Bismillah, na fara," ku sunkuya.

Gyoza da nem abu ɗaya ne?

A'a. Nem da muka daɗe da sani a Yamai na Biyetnam ne, doguwar naɗi da ake tsomawa a mai gaba ɗaya. Gyoza ƙaramin ƙunshi ne mai siffar jinjirin wata: falle na kwaɓin alkama, a ciki niƙaƙƙen nama da kabeji, tafarnuwa, citta da ganyen albasa, a naɗe bakin da ƴan kalmasa. A Sin sunanta jiaozi, an fi dafa ta a ruwa, kuma a arewacin ƙasar ita ce abincin daren sabuwar shekara, iyali su zauna su yi ta naɗi. Japanawan da suka komo daga Manchuriya bayan 1945 su suka yaɗa ta a gida, inda aka fi son ta a soye. Yau biranen Utsunomiya da Hamamatsu takara suke yi a kan wanda ya fi cin ta. A allon abincin da aka rubuta da Faransanci wani lokaci za ku gan ta da sunan raviolis.

Suyar tata abin kallo ce. Ana jera su a kasko mai ɗan mai har gindinsu ya yi ja, sai a watsa ruwa, kaskon ya yi ƙara, a rufe da sauri. Tururi ya dafa sama da ciki. In ruwan ya ƙone a buɗe, a bar gindin ya sake ƙamewa, a kifa su a faranti jan gefen yana sama. Mai kyau ita ce wadda ƙasanta ke ƙaras-ƙaras, samanta da taushi, cikinta da ruwa. In kuka gutsura kuka ji kwaɓi mai kauri da nama busasshe, ta daɗe a firigo ko an bar ta a wuta.

Da me ake cin ta?

Da ruwan soya da binegar a ɗan ƙaramin faranti, a ɗiga man barkono. Ku tsoma gefen mai taushi don kada jan gefen ya jiƙe.

Akwai wata iri da ke zuwa a kwandon gora mai murfi, dunƙulalliya da ɗan tukku a ka, xiaolongbao ta yankin Shanghai. Ita romo ne a cikinta, mai zafin gaske. A ɗora ta a cokali, a huda gefe, a tsotse romon, sannan a ci. Wanda ya jefa ta baki gaba ɗaya zai kwana biyu bai ji daɗin shayi ba. Ita ma a tambayi asalin romonta, don a can daga fatar alade ake daskarar da shi.

Ban iya tsinken nan na cin abinci ba. Za a yi mini dariya?

Ku nemi cokali mai yatsu, akwai. Mai son koyo kuma ya kafe tsinken ƙasa tsakanin babban yatsa da na zobe, ya riƙe na sama kamar alƙalami, shi kaɗai ke motsi. Ya fara da gyoza, ta fi taliya sauƙin kamu.

Mutanen can suna riƙe tsinke a dama, cokalin romo a hagu. Mu da ba mu kai hagu baki, sai a ajiye tsinken a ɗauki cokalin da dama, ko a tallabi kwanon da hannu biyu a kurɓa, wanda a can ma ba abin kunya ba ne. Abu biyu ne suke ƙi, in kun zauna da abokin aiki Basine ko Bajapane: kafa tsinke a tsaye cikin abinci, da miƙa loma daga tsinke zuwa tsinke, wannan na biyun musamman a Japan. Dukansu suna tuna musu da al'adun jana'iza.

Na ji wani yana zuƙar taliya da ƙara. Haka ake yi?

A Japan haka ake yi, iskar tana rage zafin. A Yamai ba dole ba ne, kuma a gaban suruki ban ba da shawara ba.

Wannan baƙar takardar fa? Ga ƙwan kuma kamar ɗanye.

Takardar ganyen teku ne da aka busar aka matse, sunansa nori, ana cin sa. In an bar shi a romo yana yin laushi nan da nan, don haka masu son ƙaras ɗinsa da shi suke farawa. Ƴan yankan nan masu launin ƙasa tohon gora ne da aka tsima. Ƙwan da gangan ake cire shi bayan minti shida zuwa bakwai, farin ya daskare, gwaiduwar ta tsaya da danƙo, sannan ya kwana a ruwan soya. Mai juna biyu, ƙaramin yaro da mara lafiya su ce a ba su wanda ya dahu sosai, ko a bar shi.

Akwai yaji?

Ramen ta asali ba ta da yaji, kuma wannan ne ƙorafin da na fi ji. Akwai man barkono a tebur, wasu gidajen kuma suna da kwano mai yaji na musamman. Roƙona ɗaya ne: ku kurɓi cokali uku na romon yadda ya zo kafin ku juye masa tonka. Wani ya tashi tun asuba yana kwashe kumfa a kan tukunyar nan. Bayan cokali ukun, kwanonku ne.

Ba magi ne ya yi yawa ba? Ina da hawan jini.

Batun biyu ne. Farin magi da ake sayarwa a Katako da kowace kasuwa daga Japan ya samo asali: a 1908 wani masanin sinadarai, Kikunae Ikeda, ya ware sinadarin da ke ba romon ganyen teku na kombu daɗinsa, shekara ɗaya bayan haka aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto. Wannan sinadari yana nan da kansa a tumatir, busasshen kifi da ruwan soya. Gidajen ramen da yawa suna ƙara shi, wasu ba sa ƙarawa.

Abin tsoron mai hawan jini shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, kuma kwanon ramen guda, in aka shanye romon tas, sau da yawa yakan kai wannan ko ya wuce. Mafi yawan gishirin a romon yake. Sai a ci taliya da nama a bar rabin ruwan, a ce a rage tare tun wajen oda, kada kuma a ƙara ruwan soya. Mai ciwon sukari ya tuna cewa taliya da fallen gyoza duk farin garin alkama ne. Wanda likita ya ce ya rage gishiri ya haƙura da romon, ya ci gyoza ba tsomi.

Jikina ba ya son wasu abubuwa, wasu kuma ba sa cin nama.

Alkama da waken soya suna cikin kusan komai. Riɗi, ƙwai, jatan lande da gyaɗa suna yawan shigowa, a faɗa tun a kes. Mara cin nama ya sani cewa ko kwanon da aka ce na ganye ne, romonsa yana iya zama na kaza ko na busasshen kifi.

Kwano ɗaya zai ƙosar da ni?

A lokacin, ƙwarai. Wanda ya saba da tuwo ko dambu da kopto zai iya jin cikinsa ya saki bayan sa'o'i kaɗan. Maganinsa farantin gyoza a gefe, ko ƙarin taliya. Wannan al'adar Fukuoka ce, ana kiranta kaedama: ka cinye taliyarka ka bar romo, a kawo maka sabon dunƙule a juye a ciki. Hakan ya fi cika kwanon tun farko, don ta biyun tana zuwa da danƙonta.

Me ya sa yake da tsada haka?

Ba abincin dala ɗari ba ne, wannan kam a sani tun daga gida. Albasar Galmi, kabejin lambunan bakin kogi, tafarnuwa, citta, riɗi, ƙashi da nama duk a kasuwa ake samunsu. Amma ruwan soya, miso, nori da garin alkama daga waje suke zuwa, kuma da hanyar Kwatano ta rufe a 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kuɗin mota ya hau. A ƙara da gas ɗin da tukunya ke sha wuni guda, da man gurup in wuta ta ɗauke, don firigo ba ya jira.

Ko ya cancanci kuɗin? In romon na ƙashi ne na gaske, e. In gari ne aka dama a ruwan zafi aka yi masa ado da rabin ƙwai, a'a, kuma hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce romon ƙashi yana barin ɗan danƙo a leɓe, in ya huce kuma yana yin kauri. Ku riƙe ƴan canji, ku kuma tambaya ko suna karɓar biya ta waya kafin ku yi oda.

Wa zai sha romo mai zafi a watan Afrilu a Yamai?

Tambaya mai kyau. Lokacin ramen shi ne hunturu, Disamba da Janairu, da daddare. A watannin da zafi ke wuce digiri 40, sai dai a dogara da sanyin ɗakin. Japanawa ma da bazararsu suna komawa ga hiyashi chuka, taliya mai sanyi da kokwamba, ƙwai da ruwan tsami-tsami, ko tsukemen, inda taliyar ke zuwa daban a sanyaye ana tsoma ta a romo mai kauri. In suna allo, su ne na wannan lokaci.

Da azumi kuma, bayan an sha ruwa an ci dabino an yi Magariba, ba laifi. Kada dai a yi sahur da ita. Gishirin zai nemi ruwansa tun kafin Azahar.

Zan iya zuwa da yara, ko da Inna?

Yara suna son gyoza, kuma kwano ɗaya yana isar biyu. A nemi ƙaramin kwano a raba musu ya huce, a kuma janye babban daga bakin tebur. Ita Inna, kada a fara ta da miso ko ganyen teku. A ce mata, "Inna, romon kaza ne da taliya, ki ɗanɗana," a kawo mata cokali, a zaunar da ita a kujera mai jingina maimakon dogayen nan na gaban madafa. In ta ce gishiri ya yi yawa, ta faɗi gaskiya.

Ga masu zuwa a ƙungiya: wurin ba na shimfiɗa hira ba ne. Kujeru kaɗan ne, kuma mutane na tsaye da tike suna kallon kwanonku. A ci a tashi, hirar a ƙarasa ta wajen shayi.

Tun da sabo ne, in je yanzu ko in jira?

Sabon gida yana da halinsa. Yau romon ya yi daidai, gobe gishiri ya zarce, yaran ba su gama sanin allon ba, lambobi suna cakuɗewa, wani abin kuma ya ƙare tun ƙarfe takwas. Romo in ya ƙare ya ƙare, ba a haɗa wani cikin rabin sa'a, kuma gidan da ya ce muku "ya ƙare" ya fi wanda zai tsinka shi da ruwa. Mai son ya yi hukunci sau ɗaya ya ba su ƴan makonni. Mai zuwa yanzu ya zo a farkon buɗewa ko tsakanin La'asar da Magariba, ya kauce wa tsakar rana lokacin da ma'aikatan ofisoshin Plateau ke fitowa, da daren Asabar. In wani abu bai yi ba, ku faɗa wa mai gidan a hankali, a wannan lokaci ne kunnensa ya fi buɗewa.

Ina Harobanda. In aika a kawo mini?

Za a iya, amma da sharaɗi. A ce su sa taliya daban, romo daban, kayan sama daban. In aka haɗa su a roba ɗaya, kafin mai babur ya tsallake gadar Kennedy da cunkoson yamma taliyar ta shanye romon ta zama dunƙule. Idan ya iso, a juye romon a tukunya a tafasa shi sosai, a tsoma taliyar a ruwan zafi na rabin minti ta warware, a tsane ta, sannan a haɗa a kwano. Gyoza kuma tururin cikin roba yana kashe mata ƙaras, sai a mayar da ita kasko da ɗigon mai, jan gefen a ƙasa, minti biyu. Romon da ya rage a sa shi a firigo da zarar ya huce, a sha shi washegari bayan an sake tafasawa. In babu wuta a unguwa, kada a bar shi ya kwana.